Yaƙe-yaƙen Ningi da Tsaron Kudancin Kano a Ma'aunin Manɗiƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram, ko kuwa a wani ƙauye da ke tsakaninsu, da wuya a ce bai taɓa jin tsofaffi suna ba da labarin zamanin Ningawa ba. Zamani ne da manomi ba ya nisa da ganuwa sai da fargaba, mace kuwa ba ta zuwa rafi sai an yi gayya. Yau waɗannan garuruwa suna cikin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga watan Agusta, 1991, amma a wancan lokaci su ne bakin iyakar ƙasar Kano ta kudu maso gabas, suna fuskantar duwatsun Ningi.

Mun sha jefa wa ɗalibanmu wannan tambaya a darasin tarihi: me ya sa ƙasa mai ƙarfi da dukiya da dawaki irin Kano ta kasa tsare bakin iyakarta har tsawon shekara 50 da 'yan kai? Amsoshin da muke samu ba sa wuce uku. Wani ya ce ganuwar garuruwan ce ba ta da ƙarfi, wani ya ce Ningawa asiri gare su, wani kuma ya ce sakacin sarakuna ne. Kowa dai so yake ya sami abu guda ya rataya masa laifi ya huta. Ba yara kaɗai ke wannan ba, har mu manya haka muke yi duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu ɗauko wani tsohon ma'auni da malamanmu na zaure suka daɗe da shi, wato ilmin manɗiƙi, mu auna wannan tarihi da shi, mu ga ko zai taimake mu mu rarrabe tsakanin abin da ya haddasa masifa da abin da kawai ya zo tare da ita.

Manɗiƙi a Ƙasar Hausa

Manɗiƙi shi ne ilmin da ke koya wa mutum ƙa'idojin kafa hujja, domin ya tsare tunaninsa daga kuskure, kamar yadda nahawu ke tsare harshe daga lahani. Asalinsa daga Yunanawa ne, musamman Aristotal, sa'annan malaman Musulunci suka fassara shi, suka gyara, suka faɗaɗa. Mutane da yawa suna zaton boko ne ya kawo mana shi, alhali kuwa ya riga boko zuwa ƙasar nan da shekaru ɗaruruwa.

Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almaghili, mutumin Tilimsana, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), gwani ne a wannan fanni, har ya wallafa waƙa a kansa wadda malaman Tambutu suka riƙa karantarwa. An san kuma saɓanin da ya shiga tsakaninsa da Shehu Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin bai halatta a karanta manɗiƙi ba, shi kuwa Almaghili ya tsaya a kan cewa gaskiya ba ta ɓaci don ta biyo ta hannun baƙo. Abin lura a nan shi ne, wannan malami shi ne kuma ya rubuta wa Rumfa littafin nan na nasiha a kan mulki, wanda a cikinsa ya ware babi musamman a kan wajabcin yin hattara a gida da kuma a halin tafiya. Ashe ke nan tun a ƙarni na 15 manɗiƙi da tsaron ƙasa sun taɓa haɗuwa a ƙirjin mutum ɗaya a birnin Kano.

Bayan shi, littafin da ya fi yaɗuwa a zaurukanmu shi ne Sullamu na Shehu Abdurrahman Al'ahdari, malamin ƙarni na 16, wanda shi ne dai mai littafin Ahalari da kowane almajiri ke farawa da shi a fiƙihu. Haka kuma littattafan tauhidi na Shehu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, cike suke da ƙa'idojin manɗiƙi. A daular Sakkwato ma an sami irin su Abdulƙadir ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, wanda ya haɗa falsafa da rubutun tarihi.

Ma'aunai Uku

Daga cikin abin da waɗannan malamai suka koyar, abu uku kawai za mu ɗauka, su ne sababi da sharaɗi da mani'i. Sababi shi ne abin da in ya samu, abin da ya rataya a kansa ya samu, in kuma ya ɓace, shi ma ya ɓace, kamar yadda gushewar rana daga tsaka ke wajabta sallar azahar. Sharaɗi kuwa shi ne abin da in babu shi, to babu abin, amma samuwarsa ita kaɗai ba ta tabbatar da kome, kamar alwala ga salla: babu salla sai da alwala, amma mutum na iya yin alwala bai yi salla ba. Mani'i, wato mahani, shi ne abin da in ya samu sai ya hana, ko da sababi da sharaɗi duk sun cika, kamar yadda kisan kai ke hana wanda ya yi kisan cin gadon wanda ya kashe.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta jumlar sharaɗi. In muka ce, in akwai hayaƙi to akwai wuta, hanya biyu ce kawai ingantacciya ta fitar da sakamako. Ko dai mu ga hayaƙi mu ce akwai wuta, ko kuwa mu tabbatar babu wuta mu ce babu hayaƙi. Amma wanda ya ga babu hayaƙi ya ce babu wuta ya yi kuskure, domin garwashi na ci ba tare da hayaƙi ba. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin da yawa daga cikin kurakuran masu tsaron gari, jiya da yau, daga nan suke tasowa: ba a ga ƙura ba, sai a ce babu mahara.

Yadda Abin Ya Faro

A wajen shekarar 1846, farkon sarautar Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, wanda ake kira Maje Ringim, wani malami mai suna Malam Hamza, mazaunin Tsakuwa a ƙasar Dawakin Kudu ta yau, ya sami saɓani da hukuma a kan kuɗin ƙasa. Shi da wasu malamai 'yan'uwansa suna ganin bai dace a karɓi wannan haraji daga hannunsu ba. Da abin ya yi tsamari sai suka tattara iyalansu suka yi ƙaura, suka nufi duwatsun da ke tsakanin Kano da Bauci da Zazzau.

A waɗannan duwatsu suka tarar da al'ummu irin su Butawa da Warjawa da Fa'awa da Kudawa, waɗanda sun daɗe suna kare kansu daga masarautun da ke kewaye da su, amma kowace ƙabila tana cin gashin kanta. Abin da malaman nan suka kawo shi ne shugabanci guda, da sanin ciki da wajen ƙasar Kano, da kuma kwarjinin malanta, har labarin tsatsubar Malam Hamza ya bazu ko'ina. Bai daɗe ba aka kashe shi a fagen fama wajen 1849, amma abin da ya dasa ya riga ya kama ƙasa. Bayansa aka yi Malam Ahmadu, sai Abubakar Ɗan Maje wanda ya yi zamani da Sarkin Kano Abdullahi, sai Haruna Ƙarami, sai Gajigi, sai kuma Ɗan Yaya, wanda mulkinsa ya ƙare a 1902 da zuwan Turawa. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Adell Patton, ya bi wannan tarihi daki-daki a binciken digirinsa na uku da ya kammala a 1975.

A tsawon wannan zamani hare-haren Ningi sun addabi kudancin Kano tun daga wajen Tudun Wada da Rano har zuwa Birnin Kudu da Gwaram da ƙasar Dutse. Ana kama mutane, ana kore dabbobi, ana ƙone rumbuna. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba ɓangare ɗaya ke kai hari ba, domin rundunonin Kano da na Bauci su ma suna shiga duwatsun suna kamo bayi. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855 ya kuma yi fiye da shekara 25 yana mulki, ya ɓata lokaci mai yawa a wannan yaƙi, har ya mai da Takai sansaninsa, ya gina gida a can domin ya kusanci bakin daga. Wannan kuwa bin sawun tsarin ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya shimfiɗa, wato a kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu a ciki, shi kansa ma a ribaɗin Wurno ya zauna.

Auna Amsa ta Farko: Ganuwa

To bari mu ɗauki amsoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce raunin ganuwa ne ya ɗauki ganuwa a matsayin sababin zaman lafiya, alhali kuwa sharaɗi ce. Babu shakka garin da ba shi da ganuwa a wancan zamani ba ya kwana lafiya, amma samun ganuwa ba ya nufin an tsira. Dalili kuwa shi ne, ganuwa gidaje take kewayewa, abinci kuwa a gona yake, gona kuma yawancinta a waje take. Mahari ba ya bukatar ya fasa ƙofar gari in dai zai iya tsare manomi a bakin kunya, ko ya tare fatake a hanya, ko ya afka wa ƙauyen da ba shi da ko shinge.

In muka tsara abin yadda masu manɗiƙi ke yi, sai mu ce: mutanen gari za su tsira in an hango mahara da wuri, kuma labari ya iso cikin lokaci, kuma waɗanda ke gona sun sami damar shigowa, kuma an rufe ƙofa, kuma akwai ruwa da hatsi a ciki, kuma gudummawa ta zo kafin su ƙare. Sharuɗɗa shida ke nan, kuma kalmar da ta haɗa su ita ce "kuma". Ma'anar wannan ita ce, mai tsaro sai ya cika duka shidan, shi kuwa mahari guda ɗaya kawai yake bukatar ya warware. Tsira da "kuma" ake haɗa ta, halaka kuwa da "ko". Wannan shi ne asirin da ya sa tsare gari ya fi kai masa hari wuya a kowane zamani. Ganuwa ɗaya ce tak daga cikin shida, saboda haka ko da an ninka tsawonta, sauran biyar ɗin suna nan yadda suke.

Auna Amsa ta Biyu: Asiri

Maganar asiri kuwa, malamanmu sun riga sun ba mu hanyar duba ta. Shehu Sanusi ya kasa hukunci gida uku: na shari'a da na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne danganta abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, tare da sanin cewa Allah ne mai aikatawa. Ke nan kafin a ce kaza ne ke kawo kaza, sai an ga maimaituwa, kuma sai an duba lokutan da abin bai ci ba. Wanda ya ce laya ce ta ba Ningawa nasara sai mu tambaye shi: su mayaƙan Kano ba sa ɗaura laya ne? Kuma ranar da aka kashe Malam Hamza, ina tsatsubar take? Abin da ke wajen mai nasara, yake kuma wajen wanda aka ci, ba zai zama shi ne ya bambanta su ba. Wannan ita ce ƙa'idar da wani Bature ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya tsara a littafinsa na manɗiƙi a 1843, shekara uku kafin ƙaurar Malam Hamza: in kana neman sanadi, duba abin da ya bambanta inda abu ya faru da inda bai faru ba.

Me ya bambanta su ke nan? Ƙasa. Ƙarfin Kano a doki yake, musamman dawakin lifidi, waɗanda a fili babu mai tsayawa gabansu. Amma doki mai lifidi ba ya hawa dutse, ba ya kuma ratsa sarƙaƙiya, inda maharbi mai kibiya ke ɓoye yana ganin ka ba ka ganin sa. Saboda haka dutse ya zama mani'i: an tara runduna, an yi shiri, sababi da sharaɗi sun cika, amma mahani ya hana a gama yaƙin. Duk da haka ba za mu ce imanin mutane da asirin bai yi aiki ba sam. Ya yi aiki ta wata fuska, domin shi ya taimaka wajen haɗa kan ƙabilun da da ba sa ga maciji, ya kuma sa tsoro a zukatan abokan gaba. Bambanci ne babba tsakanin a ce laya ta juya kibiya da a ce labarin laya ya tara mayaƙa.

Auna Amsa ta Uku: Sarakuna

Amsa ta uku ta fi sauran kusa da gaskiya, amma ita ma tana bukatar gyara. Ba za a kira sarkin da ya bar fadarsa ya tare a Takai mai sakaci ba. In akwai laifin hukuma, to ba a bakin daga yake ba, yana can baya, a ranar da rigimar haraji ta kori malamai daga Tsakuwa. A nan sai mu yi amfani da gwajin da harshen Hausa ya tanadar mana tun fil azal, wato "da ba don kaza ba, da kaza bai faru ba". Da ba don duwatsun ba, da malaman nan ba su sami mafaka ba. Da ba don ƙabilun da ke da tsohuwar ƙullalliya da masarautu ba, da ba su sami mayaƙa ba. Da ba don rigimar haraji ba, da ƙabilun ba su sami shugabannin da suka san hanyoyin Kano ba. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya ci wannan gwaji, amma babu wanda ya isa shi kaɗai. Duwatsun suna nan tun kafin a haifi Malam Hamza, kuma an sha rigimar haraji a wurare da dama ba ta haifi daula ba. Murhu ne mai duwatsu uku, in an janye ɗaya tukunya ta kife.

Sai dai a cikin ukun, guda ɗaya ne kawai yake hannun mahukuntan Kano. Ba su iya kawar da dutse, amma suna iya sassauta wa malamin ƙauye. Wannan shi ne amfanin irin wannan bincike: bayan an jera sharuɗɗa, sai a tambaya wanne ne ɗan Adam ke da iko a kansa, kuma a wane lokaci ne gyaransa ya fi araha. Abin da ƙila zaman sulhu na yini ɗaya zai kashe a 1846, rundunoni sun kasa kashe shi a shekara 50. Hausawa dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bugu da ƙari, da yaƙin ya kankama sai ya koma yana ciyar da kansa. Harin Ningi ya jawo ramuwar Kano, ramuwar Kano ta ƙara tura mutanen duwatsu hannun sarakunan Ningi, su kuma suka ƙara ƙarfin kai hari. A kowane ɓangare kuma an sami waɗanda bayi da ganima suka zama hanyar arzikinsu, waɗanda zaman lafiya hasara ne gare su. Masu manɗiƙi sun ce mustahili ne abu ya zama sababin kansa, abin da suke kira dauri. Amma wannan ba dauri ba ne na haƙiƙa, domin harin bana ne ke haifar da na baɗi, kamar kaza da ƙwai. Wanda ya tsaya neman wa ya fara ba zai gama ba, abin nema shi ne inda za a tsinke igiyar.

Ranar da Garkuwa ta Juyo

Babban darasin wannan tarihi ya zo ne a 1893. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa ɗansa Tukur, aka tsallake Yusufu ɗan Sarki Abdullahi, wanda mafi yawan 'ya'yan Abdullahi ke goyon baya. Yusufu da jama'arsa suka fice daga birni. Ina suka nufa? Takai, wato sansanin nan da mahaifinsu ya gina domin tsare ƙasa daga Ningi. A nan kudu suka sami garuruwa masu ganuwa, da mayaƙan da suka goge a bakin daga, suka kuma nemi goyon baya har daga Ningi kanta. Yusufu ya rasu a Garko kafin a kai ga nasara, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kuma kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Wannan shi ne Yaƙin Basasa.

Mai karatu ya duba abin mamaki. Duk lissafin da aka yi wajen gina tsaron kudu an yi shi ne a kan wata muƙaddima da ba wanda ya taɓa furta ta, wato cewa abokin gaba daga waje zai zo, kuma gidan sarauta a haɗe yake. Ranar da wannan muƙaddima ta rushe, sai kayan tsaron da kansu suka zama kayan yaƙar birnin da aka gina su dominsa. Malaman manɗiƙi suna cewa hujja na iya ɓaci ta fuska biyu, ko ta sura ko ta madda, wato ko tsarin hujjar ya karkace, ko kuwa tsarin ya yi daidai amma abin da aka gina ta a kai ƙarya ne. Muƙaddimar da ta fi haɗari ita ce wadda kowa ya yarda da ita har aka manta da cewa zato ce.

Haka kuma aka sake gani a 1903. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, an gina ta ne a kan zaton cewa mahari da doki da mashi da kibiya zai zo. Da rundunar Kanar Morland ta zo da igwa, ta fasa ƙofar Bebeji a hanya, sai ga shi a ranar 3 ga Fabrairu an shiga Kano cikin yini ɗaya. Ganuwa ba ta rage tsawo ba, zamanin da ta dace da shi ne ya wuce.

Abin da Duniya ta Yi da Wannan Ilmi

Irin wannan lissafi da muka yi da "kuma" da "ko" shi ne yau injiniyoyi ke yi a manyan ayyuka masu sarƙaƙiya. A 1854 George Boole ya mai da ƙa'idojin manɗiƙi lissafi, wanda a kansa ne aka gina kwamfuta. A farkon shekarun 1960 injiniyoyin kamfanin Bell a Amurka suka ƙago wata hanya da za mu iya kira bishiyar musabbabai, domin binciken tsaron makamai masu linzami: a rubuta masifar da ake tsoro a sama, sa'annan a bi rassa ana tambayar me da me za su haɗu su kawo ta. A 1973 wani masanin falsafa, David Lewis, ya tsara gwajin nan na "da ba don" a bisa ƙa'ida, daga baya kuma Peter Ladkin na Jami'ar Bielefeld a Jamus ya gina hanyar binciken haɗarin jiragen sama a kansa. A 1984 Charles Perrow, bayan nazarin haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island na 1979, ya nuna cewa a tsarin da sassansa suka sarƙe da juna, ƙananan kurakurai kan haɗu ta hanyar da ba wanda ya zata. Duk waɗannan masana a kan abu ɗaya suka haɗu: babbar masifa ba ta da uba ɗaya, kuma wanda aka kama a ƙarshen igiya sau da yawa ba shi ya saƙa ta ba. Masu tsaron na'urori da intanet ma sun gano abin da Takai ta koya mana, cewa ɓarnar na ciki ta fi ta na waje wuyar tarewa.

Kammalawa

Ba don nishaɗi kawai muka tono wannan tarihi ba. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga sun shiga Gwaram da dare suka kai hari ofishin 'yan sanda, aka rasa rayuka, kuma bayan 'yan watanni sojoji suka ba da sanarwar tarwatsa sansanoni a dajin Balmo da ke maƙwabtaka da mu ta ɓangaren Bauci. Dazuzzukan da duwatsun da suka ba mutanen da mafaka suna nan inda suke. Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai ka ji ana neman abu ɗaya: a ƙaro jami'ai, ko a canja wane, ko a kori wata ƙabila. Ƙarin jami'ai sharaɗi ne kamar ganuwa, babu mai musun amfaninsa, amma sauran sharuɗɗan fa? Wa ke hango abu tun daga nesa, kuma in ya kawo labari wa zai saurare shi, wa kuma zai rufa masa asiri? Wace ƙaramar rigima ce yau, ta gona ko ta burtali ko ta haraji a kasuwa, muke rainawa kamar yadda aka raina ta Tsakuwa? Wane zato ne muka jingina a kansa wanda ba mu taɓa dubawa ba?

Mun san malamai sun yi gargaɗi a kan "da" ta nadama, wadda ke kai mutum ga jayayya da ƙaddara, Hausawa ma sun ce da na sani ƙeya ce. Amma "da" ta neman darasi daban take, domin gaba take kallo, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malaman makaranta da su daina karɓar amsa mai ƙafa ɗaya daga ɗalibai a darasin tarihi, su koya musu tambayar ko wannan sababi ne ko sharaɗi ko mahani. Muna kuma kira ga marubuta da su je su zauna da sauran tsofaffin Birnin Kudu da Gwaram da Ningi, su ji labarin daga kowane ɓangare, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido, domin jikokin waɗanda suka yi wancan yaƙi yau kasuwa ɗaya suke ci, suna kuma auratayya. Malaman zaure kuwa, muna roƙon su da su karkaɗe ƙurar Sullamu su ci gaba da karantar da shi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, amin.